Tsarabar Japan da Ƙwaryar Nonon Gwandu

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya san irin wannan bidiyo. A buɗe kwalin da aka aiko daga Japan, a riƙa zaro kayan maƙulashe ɗaya bayan ɗaya, ana ɗanɗanawa ana yi musu maki. Ga Kit Kat kore shar da aka haɗa da garin ganyen shayi, ga mochi mai danƙo, ga siraran sandunan biskit na Pocky, ga kuma wani farin abin sha mai zaƙi da ɗan tsami da ake kira Calpis. Ɗalibin da ke zaune a mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza zai iya kallon wannan a wayarsa, ya ɗauka abinci ne na wata duniya da ba ta da alaƙa da tasa.

Alaƙar kuwa tana nan, kuma ta fi yadda ake zato kusa. Da yawa daga cikin waɗannan kaya asalinsu abincin ƙauye ne da aka yi wa suna, aka daidaita masa awo, aka sa shi a mazubi mai kyau, aka kuma gina masa amana a zuciyar mai saye. Mochi dai dakakkiyar shinkafa ce, wato 'yar uwar nakiya. Calpis kuwa, kamar yadda za a gani, jikan nonon makiyaya ne. Gwandu da Kalgo suna da kwatankwacin kusan kowanne. Tambayar da ta kamata ta dami masu ilimin yankin ita ce wa zai yi wa waɗannan kaya aikin da Japanawa suka yi wa nasu, kuma idan an yi, a hannun wa ribar za ta faɗa.

Japan ta daɗe a tukunyar Bahaushe

A shekarar 1908 wani malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ya binciki abin da ke sa romon wata ciyawar teku da ake kira kombu ya yi garɗi. Ya gano sinadarin gulutamet ne, ya kuma raɗa wa ɗanɗanon suna umami, wanda a yau ake ƙirga shi na biyar bayan zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri. A 1909 aka fara sayar da sinadarin da sunan Aji-no-moto. A 1991, shekarar da aka ɓallo Jihar Kebbi daga Sakkwato, kamfanin Ajinomoto ya kafa reshensa na Najeriya mai suna West African Seasoning Company. Daga nan farin magi ya bazu a ƙananan ƙunshi masu araha, har ya zama da wuya a sami teburin mai kayan miya a kasuwar ƙauye da babu shi.

Ɗanɗanon da Ikeda ya ba suna ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne garɗin daddawa. Matar da ke dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa, gulutamet take samarwa ko da ba ta san sunansa ba. Nau'in bakteriyar da ke yi mata wannan aiki, Bacillus subtilis, shi ne ke ruɓar da waken suya ya zama natto, abincin karin kumallon Japanawa mai yauƙi da wari. Kamfanin bai yi sakaci da wannan ba. Ya fito da garin daddawa a ƙunshi da sunan DeliDawa, ya mayar wa 'yan Najeriya abin da kakanninsu suka ƙirƙira, cikin siffar da ba ta ɓata hannu kuma ba ta cika jaka da wari.

Haka labarin taliyar da mai shayi ke soyawa da ƙwai a bakin tasha. Indomie kayan wani kamfanin Indonesiya ne, amma dabarar soya taliya ta bushe don a dafa ta cikin minti kaɗan ta Bajapane ce, Momofuku Ando, wanda ya fito da ita a 1958. Saboda haka mutumin Kalgo ya daɗe yana ɗanɗana fasahar abincin Japan. Abin da bai fara ba shi ne koyon yadda aka yi ta.

Nonon da ya tafi Tokyo

A farkon ƙarni na 20 wani ɗan kasuwar Japan mai suna Kaiun Mishima ya yi tafiya zuwa yankin Mongoliya ta Ciki, a arewacin ƙasar Sin. Wahalar tafiya ta kwantar da shi, makiyayan da suka sauke shi suka riƙa ba shi nono mai tsami irin nasu har ya murmure. Da ya koma gida ya shafe shekaru yana gwaji, wasu kayan da ya fara fitarwa ba su yi kasuwa ba. Ranar 7 ga Yuli, 1919 ya fito da Calpis: madarar da aka cire wa mai, aka bar ta ta yi tsami, aka zuba mata sukari ta yi kauri, mai saye ya tsiyaya kaɗan ya ƙara ruwa. Sama da shekara ɗari ke nan ana shan sa. Kamfanin ya taɓa zama mallakar Ajinomoto kafin a sayar da shi ga Asahi a 2012.

Abu biyu ne abin lura a nan. Na farko, a 1919 gidajen talakawan Japan ba su da firji. Mishima bai jira lantarki ba, ya tsara abin shansa yadda tsami da sukari za su hana shi lalacewa a kan kanta. Na biyu, makiyayan da suka ba shi nonon sun samu ambato a tarihin kamfanin, amma dukiyar a Tokyo ta taru.

Japanawa ma ba tsofaffin masu shan madara ba ne. Kafin zamanin Meiji da ya fara a 1868, galibinsu ba sa sha. Gwamnati ce ta ɗauko ƙwararru daga waje, irin su Ba'amurken nan Edwin Dun, suka kafa kiwon shanu a tsibirin Hokkaido a shekarun 1870. Dokar ciyar da ɗalibai ta 1954 ta taimaka wajen sa madara ta zama abin kullum ga yaran makaranta. A yau Hokkaido na samar da fiye da rabin madarar ƙasar, kuma sunansa a jikin alawa ko askirim ya isa ya ɗaga farashi.

A gwada wannan da ƙasar Gwandu, inda nono da kindirmo da man shanu suka girmi daular da Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi suka kafa. A nan fura, ko hura a bakin mutanen yankin, abincin rana ce ta malami da manomi da basarake. Duk da haka, tuwon madara da gullisuwa da alawar madara da yara ke saye a ƙofar makaranta galibi da garin madarar waje ake yin su, kuma mai arahar cikinsa an cire masa man shanu an maye gurbinsa da man itatuwa. Jami'an gwamnati sun sha faɗin cewa Najeriya na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Saniya tana bayan gari, alawar cikin gari kuwa daga Turai madararta ta zo.

Tsaraba a matsayin masana'anta

Bahaushe da Bajapane sun yi tarayya a wata al'ada: matafiyi ba ya komawa gida hannu rabbana. Japanawa na kiran tasu tsarabar omiyage, kuma sharaɗinta shi ne ta kasance abin da aka san garin da shi. Wanda ya je Sapporo ana sa ran ya dawo da biskit ɗin Shiroi Koibito, wanda aka fara yi a 1976, kuma masu shi suka daɗe suna taƙaita sayar da shi ga Hokkaido da filayen jiragen sama don kada ya zama gama-gari. Kit Kat ma, wanda asalinsa na Ingila ne, da ya shiga Japan sai ya bi wannan hanya. An fitar da nau'o'insa sama da 300, wasu ba a samun su sai a lardin da ake noma abin da aka haɗa su da shi.

Wannan bai faru kara zube ba. A 1979 gwamnan lardin Oita, Morihiko Hiramatsu, ya ƙaddamar da shirin da ya nemi kowane ƙauye ya zaɓi kaya ɗaya da ya fi iyawa, ya inganta shi har ya yi suna a ƙasa baki ɗaya. Ya ɗauko tunanin daga garin Oyama, inda tun 1961 manoma suka koma dashen itatuwan 'ya'ya saboda gonakinsu na kan tudu ba sa ba da shinkafar kirki. Gwamnatin lardi ta ba da horo da bincike da talla, amma zaɓin kaya da haɗarin kasuwa na mutanen gari ne. Daga 1993 kuma aka fara buɗe tashoshin hutu a gefen manyan hanyoyi, waɗanda yanzu sun haura 1,000, inda matafiyi ke samun banɗaki mai tsafta da kantin kayan garin.

Gwandu gari ne da ake zuwa ziyara saboda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da na sarakunan da suka gaje shi. Kalgo kuwa mararraba ce: mai zuwa Jega daga Birnin Kebbi da mai gangarawa Bunza da Kamba duk ta nan suke bi, ga kuma dubban ɗalibai da ma'aikatan jami'ar da aka kafa a 2013, waɗanda ke komawa garuruwansu kowane hutu. Alkaki da nakiya da dakuwa da kantun riɗi da mazarƙwaila duk suna jure tafiya, wasu ma sukan yi watanni ba su lalace ba, shi ya sa ake sa su a garar amarya. Amma da wuya baƙo ya samu ɗaya daga cikinsu a mazubin da aka rubuta sunan gari da na mai yi da ranar da aka yi. Ana ƙulla masa a baƙar leda, ya kai gida, a ci a yaba, babu wanda zai iya sake neman irinsa.

Ba sai an je Asiya ba kafin a ga amfanin suna. Jamhuriyar Nijar, wadda Kebbi ke iyaka da ita, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Albasar Aliero da kifin Yawuri ba su gaza waɗannan suna a bakin 'yan kasuwa ba. Bambancin shi ne can an rubuta, nan ana faɗa da baki.

Amana ta fi mazubi tsada

Kuskure ne a ɗauka kyawun kwali ne sirrin. Japan ta sayi amanar da ake gani a kayanta da rayukan mutane. A 1955 gubar arsenik ta shiga garin madarar jarirai na kamfanin Morinaga, jarirai sama da 100 suka mutu, sama da 12,000 suka kamu. A 2000 madarar kamfanin Snow Brand ta kwantar da mutane sama da 14,000 a yankin Osaka. Binciken da aka yi ya kai ga wata masana'antarsa ta Hokkaido inda wuta ta ɗauke na wasu sa'o'i, madara ta gurɓata, aka kuma ci gaba da amfani da ita. Kamfanin da ya fi kowa girma a harkar bai sake komawa yadda yake ba. Ɗaukewar wuta ta sa'o'i kaɗan ke nan. Mai shirin zuba nono a kwalba a garin da wuta kan yi kwanaki ba ta zo ba ya kamata ya riƙe wannan labari.

Nonon ƙwarya yana da nasa raunin da kowa ya sani. Da rani, lokacin da shanu suka rage bayarwa, wasu kan ƙara ruwa su kaurara shi da garin kuka. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗaukar tarin fuka na shanu da cutar bakkale zuwa ga mutum. Maganin ba mai tsada ba ne: a ɗumama madara zuwa digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, a sanyaya ta da wuri, a zuba a mazubi mai tsafta. Ma'aunin zafi da ɗan ma'aunin gane madarar da aka yi wa ruwa ba su kai kuɗin wayar hannu ba. Abin da ke da wuya shi ne a yi haka kullum, har ranar da babu mai dubawa.

Akwai kuma amana ta addini, wadda ta shafi mai sha'awar kayan Japan kai tsaye. Alawoyinsu masu danƙo da yawa suna ɗauke da jelatin na alade, wasu kayan gasa ana sa musu mirin, wato ruwan shinkafa mai barasa, har Kit Kat akwai nau'in da aka haɗa da giyar sake. Rubutun jikin kwalin da harshen Japan yake, don haka wanda bai ga tambarin halal ba ya bincika kafin ya kai baki. Ajinomoto kansa ya ɗanɗana kuɗarsa a Indonesiya a 2001, lokacin da majalisar malaman ƙasar ta haramta kayansa saboda an yi amfani da sinadarin da ke da alaƙa da alade a wani matakin sarrafawa, aka janye kayan daga kasuwa. A wannan fage alkakin Gwandu yana da abin da Japan ke kashe kuɗi tana nema don jawo baƙi Musulmi.

Ƙwaryar ta wace ce?

Za a iya cewa kwatanta Kalgo da Hokkaido wasa da hankali ne, tunda can akwai lantarki da hanya da masu saye masu kuɗi, nan kuwa ga tsadar rayuwa ga matsalar tsaro da ta raba makiyaya da yawa da shanunsu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a fara da askirim ba. A fara da abin da ba ya buƙatar sanyi: busasshiyar fura, man shanu da aka soya, cuku, alkaki, nakiya, da nono mai kauri irin tsarin Mishima. Kayan sanyi su biyo baya a inda aka samu firji mai aiki da hasken rana.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mata. A al'adar Fulani, saniya tana iya zama ta miji, amma nono da kuɗinsa na matar ne. Da shi take sayen hatsi da gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'yarta. Binciken da Ann Waters-Bayer ta yi a tsakanin Fulanin kudancin Kaduna a shekarun 1980 ya nuna yadda sarrafa nono da sayar da shi ke riƙe da tattalin arzikin matan. Idan aka kafa cibiyar tara madara wadda ke biyan maigida kai tsaye, za a iya samun kwalba mai kyau a kanti, a kuma samu mace a ruga da ta rasa sana'ar da ta gada. Haka mai alkakin da ke cikin gida za ta iya wayar gari ta ga wani ya kwashe kasuwarta da injin da ba ta da kuɗin saye.

A nan ma Japan tana da abin dubawa. Kamfanin Yakult, wanda ya fara sayar da abin shansa na madara mai tsami a 1935, ya kafa tsarin mata masu kai kaya gida-gida a 1963, kuma har yau da su yake tafiya a ƙasashe da dama. Ya gano cewa mutum ya fi yarda da matar da ya sani. Bafulatanar da ke da gidajen da take kai wa nono kowace rana ta riga ta mallaki wannan amana. Tsarin da ya dace da Gwandu shi ne wanda zai bar ta a tsakiya: ƙungiyar mata ta mallaki tukunyar ɗumamawa da firji da sunan kayan, a biya kowace a hannunta.

Abin da ya rage a yi

Kebbi ta taɓa gwada yi wa amfanin gonarta suna. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a Birnin Kebbi, a Disamba 2016 kuma aka fito da Lake Rice da haɗin gwiwar Jihar Legas. Shinkafar ta yi farin jini, amma bayan 'yan shekaru ta ɓace daga kasuwa, sunan kuwa na gwamnatoci biyu ne, ba na manoma ba. Shirin Oita ma ya iso Najeriya, inda hukumar SMEDAN ta karɓe shi da sunan kaya ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, hukumar JICA ta Japan kuma ta tallafa wa gwajinsa a Kano da Neja. Takardun suna nan. Abin da Hiramatsu ya dage a kai, wato mutanen gari su zaɓa su kuma mallaka, shi ne ya fi wuyar kwaikwayo.

Aikin da ya rage ƙarami ne idan aka rarraba shi. Malaman kimiyya na jami'ar da ke Kalgo da ta jiha da ke Aliero za su iya auna kwana nawa nakiya ko busasshiyar fura ke yi kafin ta sauya, su rubuta awon da zai sa ta yau ta yi daidai da ta gobe. Ƙaramar hukuma za ta iya ware rumfa mai tsafta a mararrabar Kalgo da kusa da hubbaren Gwandu, ta taimaka wa ƙungiyoyin mata su samu lambar NAFDAC, wadda ita ce ƙofar shiga manyan kantuna. Sabuwar ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024 tana da dalilin sa hannu a firji da horo. Masarautar Gwandu kuwa tana da abin da babu kamfanin da zai iya saye, wato suna mai shekaru sama da 200, kuma za ta iya gindaya sharaɗin inganci ga duk mai son liƙa shi a kayansa.

Ma'aikaci da ɗan kasuwa da likita ɗan yankin da ke zaune a Abuja ko Kano shi ma yana da rabonsa, domin shi ne mai sayen farko. Wanda zai iya biyan kuɗi mai yawa don ya ɗanɗana alawar Hokkaido zai iya biyan farashin da ya dace ga alkakin da aka yi da tsafta aka rubuta masa suna, maimakon ya taya shi kamar yana yi wa mai shi alfarma. Kayan da masu shi ke rainawa ba ya yin daraja a kasuwar wasu.

An riga an ga daddawa a ƙunshin kamfanin Japan, an ga fura da yogot a kwalaben kamfanonin Kano da Kaduna. Nakiya da dakuwa da man shanu ma za su shiga kwali, ko ba daɗe ko ba jima, domin mutanen birni na ƙaruwa kuma suna kewar abincin gida. Abin da ba a yanke ba tukuna shi ne sunan da za a rubuta a jikin kwalin, da kuma ko matar da ta tatsi saniyar za ta ga wani abu daga kuɗin.